Gashin Kaza a Kafaɗar Baba

Shekarar da zaman Inugu ya fara gagarar mu, wata malamar asibiti ta zo makarantarmu da gashin kaza a aljihu. Ta ce alamar farko ta kuturta tabo ne mai haske a fata. A rufe wa mutum ido, a shafa masa gashin a wurin. In bai ji ba, a kai shi asibiti da wuri, akwai magani. Ta ce mu je mu faɗa wa iyayenmu.

Gabana ya faɗi, don na san tabon. Na sha ganin sa a kafaɗar Baba in ya dawo daga kwata ya tuɓe riga.

Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ya faɗa, ina ni ina tunkarar sa? Sai na faɗa wa Inna, da ɗan ƙarfi yadda zai ji daga ɗaki. Ya kuwa ji.

"Tambaye ta, matar ta rubuta sunayensu?" in ji shi.

Na ce ta rubuta.

"Har da unguwa?"

Na ce har da unguwa.

"To kin gani! Sai yanzu da ake kallon-kallo suka damu da lafiyar Bahaushe? Ƙirga mu ake yi gida-gida. Kuma mahauci ya shiga layin kutare, wa zai ƙara sayen namansa?"

Har yau ban san ko da wata manufa matar nan ta zo ba. Ni kaina na yi ta tuno yadda ta tsura mini ido da na faɗi unguwarmu. Amma na ji haushin Baba ƙwarai. Ya cire ni daga makarantar, kuma daga ranar ko a tsakar gida da riga yake zama, duk zafin garin nan.

Ba a daɗe ba rikici ya ɓarke, muka shiga jirgin ƙasa da abin da hannu ya iya ɗauka. Muka sauka gidan kawuna a Arewa, yaƙi ya zo ya wuce muna nan.

Wata rana Baba yana fiɗa ya yanke yatsa, bai sani ba sai da aka nuna masa jini. Da ya dawo gida ya tsinci gashin kaza a bakin murhu, ya miƙo mini bai ko dube ni ba. Ya tuɓe riga, ya juya baya, ya rufe ido. Tabon ya zama uku. Na shafa na farko, na shafa na biyu, na shafa na uku.

Can ya ce, "Ke, me kike jira? Fara mana."