Kwana Dubu Babu Hatsari

Mai Allo ake ce masa, har 'ya'yansa in an tambaye su sunan ubansu sai sun ɗan yi tunani. Shekara goma sha tara ya yi a kamfanin buga kwanon rufi, a kan injin lanƙwasa kwano, amma ba injin ne ya ba shi suna ba. Akwai wani allo a bakin ƙofar shiga, an rubuta a samansa: KWANAKIN DA MUKA YI BABU HATSARI. A ƙasa ƙusoshi huɗu ne na rataya lambobi. Shi ya yanka lambobin daga ragowar kwano, shi ya shafa musu jan fenti, shi yake sauya su kullum kafin a kaɗa ƙararrawa. Ko ranar da aka haifi autarsa, sai da ya biyo ya ƙara ɗaya sannan ya wuce asibiti.

To kar ku ɗauka ba a jin ciwo a wurin. Ina! Sabon kwano ne fa, bakinsa ya fi aska. Abin da ake yi shi ne, in mutum ya ji rauni sai a cire masa rigar aiki mai tambarin kamfani, a sa masa tasa ta gida, a fitar da shi ta ƙofar baya inda ake zubar da shara. In ya je asibiti ya ce a gida ne. An taɓa mayar da allon sifili sau ɗaya, masu bincike suka zo, aka rufe sashen wata biyu, rabin ma'aikata ba a sake kiransu ba. Tun daga nan kowa ya shiga taitayinsa. Manaja bai taɓa buɗe baki ya ce a yi haka ba, ya fi ƙarfin wannan wautar. Yakan dai tsaya gaban allon ya dafa kafaɗar Mai Allo ya ce, "Kai ne uban gidan nan." Shi kuma bawan Allah sai kansa ya kumbura har gida.

Shi ne mai cire riga, kuma ya iya. Ranar da ɓarɓashin ƙarfe ya shiga idon mai walda, shi ya ɓalle masa maɓallai yana lallashi: "Yi haƙuri, ɗan'uwa, ka tuna da 'ya'yan mutane." Idon bai tashi ba, aka mayar da mai walda gadin ƙofa. Ƙaninsa ma, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi ya nemo wa aikin, tun makon farko ya zaunar da shi ya koya masa wannan karatun.

Allon na kan ɗari tara da goma sha ɗaya, da hantsi, kwano ya maƙale a bakin injin. Maimakon Mai Allo ya kashe, sai ya kai hannun dama ya gyara, yadda ya saba yi shekara da shekaru. Injin ya kama safar hannun, ya ja yatsun, ya ci gaba da ja. Ƙanin ne ya ruga ya kashe. Mutum goma sha biyu suna tsaye. Ga jini har kan takalmansu, amma kun san abin da ya fara fita daga bakin Mai Allo?

"Riga! Ku cire rigar!"

Da almakashin yankan kwano aka tsaga ta. A asibiti nas ta dubi baƙin man da ke jikin raunin, ta dube shi.

"Baba, a ina wannan ya faru?"

"A gida. Ƙofar ƙarfe ce ta faɗo mini."

"Baba, ka tabbata? Abin da ka faɗa zan rubuta fa."

"Rubuta, 'yata."

Ta rubuta. Aka yanke hannun daga wuyansa. Da ya farfaɗo ya ga ƙanin a kansa, sai ya tambaya ko an tuna an sauya lamba. Matarsa da ke riƙe da kofin ruwa, saura kaɗan ta watsa masa a fuska.

Bayan mako shida ya wanke fuska ya koma, a zatonsa ko gadi ko shara za a ba shi, tun da shi ne uban gida. Mai gadi ya tsayar da shi a waje, ya miƙo masa takarda ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Kamfani yana jajanta masa bisa tsautsayin da ya same shi a gidansa, kuma tun da ba zai iya aiki ba, an sallame shi tare da fatan alheri. Fatan alheri! Ko kujera ba a ba shi ba.

Matar ce ta ja shi gun wata lauya mai taimakon ma'aikata, a wani ɗan ofis da fanka ke ta ƙara ba iska. Lauyar ta saurara, ta karanta katin asibiti, ta ajiye.

"Baba, doka tana bayan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Magani haƙƙinka ne, diyya haƙƙinka ce. Amma ga bakinka a takarda, ka ce a gida. Mutum ɗaya nake so, wanda ya gani da idonsa, ya zo ya faɗa. Kuma kar a ja lokaci."

Mai Allo har da murmushi. "Ɗaya? Goma sha biyu zan kawo miki."

Ya bi su gida gida. Wannan ya ce lokacin yana bayi. Wancan ya ce ya juya baya. Wani ya aiko matarsa ta ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofar ɗaki. Ya koma wurin mai gadi, wanda ya buɗe musu ƙofar baya ran nan, ya roƙe shi don Allah. Mai gadi ya zuba masa idonsa ɗaya, ya ce a hankali:

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. Ka tuna da 'ya'yan mutane."

Bai so ya tambayi ƙaninsa ba, don yana jin tsoron amsar. Sai da kowa ya ƙare ya kira shi ɗaki. Ƙanin ya zauna a bakin katifa, kansa a sunkuye.

"Yaya, ni ban ga komai ba."

"Kai ka kashe injin! Jinina a wandonka ka koma gida!"

"Yaya, in aka rufe sashen, gidana da gidanka wa zai riƙe? Kai ka zaunar da ni ka koya mini. Na taɓa saɓa maka?"

Baƙin ciki ya kama Mai Allo, ba na ƙanin kaɗai ba, na kansa, don yaron ko kalma ɗaya bai ƙara a kan karatun ba. Lauyar ta kira sau biyu. A na uku bai ɗauka ba.

Wata rana da la'asar ƙanin ya shigo da leda a hannu, yana sanye da sabuwar riga. An cika kwana dubu, an yi taro, an raba wa kowa. Manaja da kansa ya ce a kai wa Mai Allo tasa, tun da mafi yawan kwanakin nasa ne. Riga ce fara mai dogon hannu, an rubuta a ƙirji: KWANA DUBU BABU HATSARI.

Matar ta miƙe tsaye. "Fitar mini da ita daga gida, marar kunya!"

Amma Mai Allo ya riga ya karɓa da hagu. Ya daɗe yana kallon rubutun.

"Sifili uku na yanka tun bara," ya ce. "Suna cikin akwati, ƙarƙashin benci. Kun gan su?"

"Mun gani, Yaya. Su muka rataya. Sun yi kyau."

"Uku suka rataya," in ji matar, hawaye na zuba, "mu shaida guda ɗaya muka roƙa."

Mai Allo ya danne ledar da guntun hannunsa, ya sa haƙori yana ƙoƙarin ɓare ta.