Tsakanin Alamonya da Almanya

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa, har sunan surukina sai an tuna min, amma ranar da bakina ya kusa rufe mana wurin aiki tana nan daram a kaina. Ku ɗaliban da kuke cika min ɗaki a unguwar Faisal duk Juma'a kuna shanye min shayi, ga labarin nan a rubuce, don in kun ji wani ya ƙara gishiri ku san ba daga tukunyata ya fito ba.

Ni ma karatu ya kawo ni Alƙahira, kamar ku. Nahawu ya kama ni kokawa, ya yi min kaye ɗaya, na tashi na karkaɗe rigata na nemi aiki. Allah ya kai ni wani kulob na masu wasan harbi a gefen gari, inda likitoci da tsofaffin hafsoshi suke zuwa su huda takarda daga nesa, su koma gida suna tafiya kamar sun ci yaƙi. Da shara na fara. Daga baya aka ɗaga darajata zuwa warsha, wato ɗakin da ake haɗa wa 'yan kulob harsashin gasa. Shugaban warsha shi ne Usta Ramadan, kuma shi kaɗai hukuma ta ba takardar izinin taɓa albarushi. Ni muƙamina babba ne: wanke bututun bindiga, tsince dalma daga tudun yashin da ke bayan takardu, da kula da butar shayi. Wanda ya zo nan don ya koyi haɗa harsashi ya yi ɓatan kai, ni kaina ban iya ba.

Sai na yi muku bayanin abu ɗaya, in ba haka ba labarin zai wuce ku. Kan harsashin da Usta yake zubawa na dalma ne, ita kuwa dalma raguwa ce, ba ta son zafi. In aka harba, wutar da ke tura ta daga baya takan lashe mata gindi, ta shafe cikin bututu, harbi ya riƙa karkacewa. Saboda haka ake manna mata wani ɗan murfi na tagulla a gindin, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Turawa suna ce masa gas-cek. Usta yana ce masa hula. Ni kuwa na ce masa, "Ya Usta, a garinmu abin da ake sawa ta ƙasa ba hula ba ne, kamfai ne." Mun shekara muna wannan muhawara, ba a sami mai fatawa ba.

To, a shekarar da darajar fam ɗin Masar ta faɗi kayan waje suka yi wuya, sai kamfan tagulla ya ƙare mana ƙaf. Aka koma harbi da dalma tsirara. Ni na san wahalar, don ni nake kwana biyu ina goge bututu har kafaɗa ta riƙe. 'Yan kulob suka fara gunaguni. Ustaz Hazem, sakataren kwamiti, dama ya daɗe yana hararar ɗakinmu, yana so ya mayar da shi wurin shan gahawa. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko shigo ba, ya ce, "Ya Usta, gasar dattawa ta matso. In Doktor Magdi ya ji kunya da harsashinku, khalas, za mu rufe nan mu riƙa sayen na waje."

Doktor Magdi likitan haƙori ne da ya yi ritaya, kuma shi ne gwanin kulob ɗinmu. Ku riƙe wannan: shi ya cire min haƙorin gaba. Za ku ga amfaninsa a shari'a.

Washegari Usta ya shiga Wustul Balad, wato tsakiyar Alƙahira, wurin surukinsa mai maɗaba'a, ya dawo da wasu faranta masu faɗi a hammata, irin waɗanda ake buga takardu da su, in an gama a jefar. Alminiyon ne, wanda Misirawa suke kira alamonya. Ya zauna ya yi ta huda su da ɗan injinsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, 'yan kamfai farare suna zubowa kamar tsaba. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya miƙo min bindiga in duba. Na leƙa bututu ta wajen haske, wallahi kamar madubin amarya! Na yi kabbara har mai gadi ya leƙo.

Usta mutum ne da ba ya rufa-rufa. Ya ba ni samfuri a tafin hannu, ya ce, "Ya Am Saleh, kai wa Doktor. Ka gaya masa gaskiya, alamonya ne, ba tagulla ba. In ba ya so ya faɗa tun yanzu."

Na tarar da Doktor a filin harbi, abin toshe kunne yana kansa. Ya ɗaga gefe ɗaya kaɗan, ya juya harsashin, ya ce, "Me ya sa gindinsa ya yi fari, ya Am Saleh?"

Na ce, "Alamonya ne, ya Doktor."

Idonsa ya buɗe. "Almanya?"

Na gyaɗa kai na ce, "Aiwa."

Yanzu ku yi min adalci. Almanya da Larabci ita ce Jamus. Ni da giɓin da shi ya yi min, shi da kunne a toshe, waye mai laifi? Na ɗauka haka manyan mutane suke furta kalmar, a taƙaice, don ba su da lokaci. Ya sumbaci harsashin, ya ce, "Allah! Ga aiki!" Na koma na ce wa Usta, "Ban taɓa ganin mai ƙaunar alminiyon kamar bawan Allahn nan ba. Gidansa duk tukwane ne, ina ji."

Ranar gasa, wata Alhamis cikin sanyi, dattawa suka zo daga kulob-kulob, kowa da jakarsa da maganin hawan jininsa. Doktor, wanda kwanakin baya hannunsa yake rawa kamar na mai kaɗa kalangu, ya tsaya ƙyam. Tau! Ya numfasa. Tau! Ni ina bayan igiya, Usta yana ta jan carbi har na ji tsoron zai tsinke. Da aka jawo takardar Doktor, alƙalin gasa ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ramukan duk sun cure wuri guda, kwabon fam ɗaya zai rufe su. Fili ya ɗauki tafi. Ni ban san lokacin da na tsallake igiya ba, da tsufana, ina ihu da Hausa, "Kamfai ya yi! Kamfai ya yi!" Allah ya so babu mai jin yaren.

Aka zauna shan shayi, aka miƙa wa Doktor kofin nasara. Ya tashi zai yi jawabi. Ya gode wa Allah, ya gode wa matarsa, sannan ya ce, "Kuma gaskiya a faɗe ta, jama'a. Sirrin yau kayan Jamus ne. Bajamushe in ya yi abu, ya yi."

Na dire kofin shayina. Ustaz Hazem ya miƙe da murmushi har kunne, ya ce, "Kun ji da bakinsa, ya bashawat, manyan gari! Abin da nake faɗa ke nan. Na waje shi ne na waje. Me za mu yi da warsha?"

Usta ya juyo ya dube ni. Kallon nan ya tambaye ni har kakana na bakwai.

"Me ka gaya masa?"

"Alamonya, ya Usta, na rantse."

"Sake faɗa."

Na sake. Ya rufe ido ya ce, "La haula."

Ban jira umarni ba. Na kwasa a guje zuwa warsha, gwiwar nan da take hana ni hawa bene ta manta da ciwonta, na sunkuto farantin da aka huda, na dire shi a kan tebur tsakanin kofunan shayi. Duk ramuka, kamar rariya. Amma tsakanin ramukan rubutun maɗaba'a yana nan raɗau. Wani tsohon hafsa ya sunkuya ya karanta da ƙarfi: "Koshari babba. Koshari ƙarami. Ƙarin albasa." Ashe da farantin aka buga takardar abincin wani mai koshari, dafa-dukan nan na Misirawa na shinkafa da taliya.

Doktor ya ce, "Ban gane ba."

Usta ya zaro kan harsashi ɗaya daga aljihu, ya juya masa gindin. Doktor ya ciro ɗan gilashin da yake duba haƙora da shi, ya ƙura ido. A kan farin kamfan nan ga harafi ɗaya, da ɗigo uku a sama. Ko ni da nahawu ya kayar na san shinun, wadda ke cikin kalmar koshari.

Na ce, "Ya Doktor, ko dai Jamusawa sun shiga makarantar allo?"

Ni dai na ce shi ke nan, gobe sai neman aikin gadi. Doktor ya dubi kofinsa, ya dubi farantin, ya dubi giɓina. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Ya fashe da dariya har ya zauna, yana share hawaye, yana cewa, "Da koshari na ci gasa! Da koshari!" Da ya sami numfashi ya ɗauki kofin nasarar ya ɗora a hannun Usta, ya juya ga sakatare ya ce, "Ya Ustaz Hazem, ma'alish, sai haƙuri. Jamus ɗin tamu tana ƙarshen baranda, kusa da banɗaki. Wanda ya rufe ta ya haɗa da ni."

Ba a rufe warsha ba. Gahawa tana nan a inda take da.

Abin da na koya a sana'ar nan shi ne, mai harbi ba da yatsa kaɗai yake harbi ba, har da abin da ya yarda da shi. Mutanenmu kuwa, na nan da na gida, in ka ce musu abu daga nesa ya zo sai hannunsu ya daina rawa, alhali mai yin abin yana zaune a gabansu da baƙin mai a riga. Doktor ya sa min haƙori sabo, fari tas, amma har na bar aiki Usta bai ƙara aike na da saƙon baki ba.

Kwanan baya na leƙa kulob ɗin gaisuwa. Ina zaune sai ga wani sabon ɗan kulob, da ƙyar gemunsa ya fito, ya leƙo tagar warsha ya ce, "Ya Usta, ɗaya babba, da ƙarin albasa." Haka ake neman harsashi a kulob ɗin yanzu, shi bai ma san dalili ba. Ni kuwa na gyara zama, na ce, "Zo nan, ɗana, kana da shayi?"