Igiya Ba Ta San Taki Ba

Kakata Iya Dije ba ta yin tatsuniya kyauta. In kaka ta yi, aka kawo gyaɗa gida, sai ta sa a jingine mata buhu guda a ɗakin girki bayan an sauke tuwo. Mu jikokinta shida mu kewaye murhu, kowa da ƙwaryarsa. Hannunka na ɓara, bakinta na zuba. Ka tsaya, ta tsaya. Wanda ta kama yana jefa ƙwaya a baki ba ta yi masa faɗa, sai dai ta sa sunansa a cikin labarin ta ba shi matsayin kura. Ni na yi kura ya fi sau goma. "Maigidana" take ce mini, irin wasan kaka da jika, ta kuma ce ita ba ta taɓa ganin miji mai ƙwauri kamar sillen kara ba.

Ƙauyenmu yana gefen Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, layin gamba kaɗai ke raba taka da ta maƙwabcinka. Shekarar da na gama ƙaramar sakandare na zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta gwamnati, na faɗi. Babana bai yi dogon zance ba, ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Tukur, wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya buɗe makaranta a rumfar ƙofar gidansa. Da safe Turanci da lissafi, bayan azahar gona. Lissafin ma rabinsa a gona ake yi: mu auna fili da taku, mu sake aunawa da igiya, mu haƙa ƙasa mu jiƙa ta a tafin hannu mu ga ko za ta dunƙule. Ranar Alhamis mu bi jaki da mangalar taki. Mutanen gari suka raɗa mata suna makarantar taki, kuma sunan ya bi ta.

Kunya ta ishe ni. Abokaina suna dawowa hutu da farar riga da wando mai guga, ni ina wucewa ta gabansu a bayan jaki. Wata uku na yi, na ce wa Babana na gama, gara in bi ƙanensa kasuwa. Ya ce in kwana da maganar, gobe in faɗa masa ta ƙarshe.

A wannan maraicen na zauna a bakin murhu, ƙwaryata a gabana, ban taɓa gyaɗa ko ɗaya ba. Iya ta dube ni ta wutsiyar ido. Ta gyara itace, ta ce, "Ga wata nan tafe, ba ta ko sa takalmi ba."

Yara suka amsa, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Ta ce an yi wani manomi da ya rasu ya bar gona ɗaya da 'ya'ya maza uku. Babban ya tafi birni ya ɗauko wani mai igiya, wanda aka ce igiyarsa ba ta taɓa kuskure ba. Mai igiya ya auna, ya yanka gonar gida uku daidai wa daida. Babban ya ɗauki yankin bayan gida, inda aka shekara arba'in ana ɗaure awaki ana zubar da toka. Na tsakiya ya ɗauki wanda ya gangara fadama. Auta ya tashi da tudu, rairayi zalla da ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa. Bai ce komai ba sai "Allah ya sa albarka." Da kaka ta yi, yayyensa suka cika rumbuna, shi kuwa damin da ya samu ko jaki bai nema ba, a ka ya ɗauko shi.

Akwai wata tsohuwa makauniya da ta saba kala a gonar tun uban yana da rai. Ta shigo ba takalmi, ta taka daga bayan gida har tudu, ta tsaya ta ce, "Wa ya raba gonar nan?" Aka ce mai igiya. Ta ce a kai ta gaban dagaci. A can ta ce a sake yanka gonar a tsaye, kowa ya samu tsiri guda da ya faro daga bayan gida, ya ratsa tudu, ya faɗa fadama. Mai igiya ya fusata, ya ce igiyarsa ba ta ƙarya.

Nan Iya ta ƙanƙance murya, ta karkata kai kamar mai sauraron ƙasa. "Sai tsohuwa ta ce, ba ta ƙarya, ɗana. Amma igiya ba ta san taki ba." Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta. "Iyakarta ke nan. Wanda ya yi gyangyaɗi, ya nemi sauran a wurin ɓera."

Na ce, "Iya, da ni kike."

Ta ce, "Ni da kura nake. Ɗauki ƙwaryarka, maigida, ba a cin tuwona da hannu a aljihu."

Ba zan ce tatsuniyar ta wanke mini zuciya a daren ba, domin da haushi na kwanta. Amma wani taurin kai ya sauko mini. Na ce a raina, tun da masu igiya ake girmamawa, sai na zama mai igiya, kuma ba zan yar da abin da tsohuwar ta sani ba. Da safe na ce wa Babana zan koma. Shekara uku na yi wurin Malam Tukur. Jarrabawar gama sakandare a matsayin ɗan waje na zauna ta, sau biyu kafin lissafi da Turanci su haɗu mini a takarda ɗaya. Daga nan na shiga kwalejin fasaha na karanta safiyo, wato awon ƙasa. 'Yan ajinmu sun fi ni Turanci nesa ba kusa ba, amma in aka fita fili, kafin su gama kafa na'urar awo na riga na faɗi faɗinsa da ido, kuma da wuya in yi nisa da gaskiya. Iya ta rasu ina shekara ta biyu, ba ta ga takardata ba.

Na samu aiki a wani kamfanin awo a Kano. Shekarata huɗu a can aka tura ni wani ƙauye kusa da Zakirai rabon gonar gado. Magada uku ne, maza biyu da ƙanwarsu Talatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Malamin da ya raba gadon ya riga ya faɗi kaso: biyu, biyu, ɗaya. Babban wansu, Alhaji Sule, shi ya ɗauko kamfaninmu, kuma zanen ya zo mini a shirye daga ofis, da kason Talatu a can ƙarshen arewa. Nawa kawai in kafa duwatsun iyaka in sa hannu.

Na auna, lissafi ya fita cif. Amma da na taka zuwa ƙarshen arewa sai ƙafata ta nutse. Na ɗebi ƙasar na jiƙa da ruwan gorata, ta ƙi dunƙulewa, ta zube ta tsakanin yatsuna. Ga busasshen ƙuduji ko'ina, ga zaizaya ta fara cin gefe. Talatu tana tsaye can nesa a gindin darbejiya, tun safe ba ta ce ƙala ba. Na je na gaishe ta.

Na ce, "Baiwar Allah, me kika sani game da wancan ɓangaren?"

Ta ce, "Malam, nan ko wake ba ya yi. Ni nake kai wa Baba fura gona tun ina ƙarama, na sani."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ba a tambaye ni ba. An ce na'ura ce za ta raba."

Na koma na ce ba zan sa hannu ba. Alhaji Sule ya ce, "Kai yaro, awo aka kira ka ko shari'a?" Ya buga wa mai kamfaninmu waya, shi kuma ya ce mini ko in sa hannu, ko in mayar masa da na'urarsa ranar Litinin. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don matata na da tsohon ciki a lokacin, kuma ba ni da wani abin dogaro. Duk da haka na je na sami mai unguwa da malamin rabon, na zuba musu ƙasar ɓangaren Talatu da ta yayyenta a kan tabarma. Malamin ya murza ta, ya ce gado da ƙima ake raba shi, ba da faɗi kaɗai ba. Aka sake yanka gonar a tsaye. Ranar Litinin na mayar da na'ura, na rasa aikina.

Wata bakwai na yi ina buga-buga kafin in mallaki tsohuwar na'ura tawa. Yanzu da babur nake yawo ƙauye-ƙauye, daga Rimin Gado har Gabasawa, rabon gona shi ne sana'ata, kuma ba na sha'awar wata. Kwana biyu a mako ina koyarwa a rumfar Malam Tukur, wadda 'yarsa ke riƙe da ita tun da ƙarfinsa ya ƙare.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta makauniya ce, mai hikimar da ta kunyata ɗan birni. Sai da na tsaya a gaban Talatu na gane ta auta ce. Ya fi kowa sanin tudun nan, a kansa ya girma, amma ya ga igiya ya ga manya, ya haɗiye maganarsa, ya yi shekara guda da yunwa. A kowane rabo da na je akwai irinsa, tsaye a gefe, yawanci mace, wani lokaci ƙaramin ƙane. Shi ya sa kafin in kwance na'ura daga bayan babur nake duba wanda ya yi shiru, in je wurinsa tukuna. Har yau ban taɓa tambayar irinsu aka ce mini babu abin faɗa ba.