Mai Masaukin Shafin Biya

Ni na jawo wa kaina, da bakin nan nawa mai saurin fassara. Ranar da aka zo haɗa kwamfutar shagonmu na atamfa a unguwar Nima ta Accra da injin kati, ma'aikaciyar ta yi bayani da Turanci: in na buga farashi, shafin biyan kuɗi zai buɗe a injin, amma ba a wurinmu shafin yake zaune ba, wani kamfani ke riƙe da shi. Baba ya ce, "Me ta ce?" Na ce, "Wai shafin yana da mai masauki."

Shi ke nan! Baba fa a zamaninsa shi ke saukar da fataken shanu daga arewa, ya ciyar da su, ya tsaya musu a ciniki. Ya zare fulogin injin.

"Ba za a tura baƙona gidan mutumin da ban gaisa da shi ba."

Kwana tara masu kati suna juyawa. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na kawo injin ne don Baba ya koma gida ya bar mini shagon. Idonsa ya yi rauni, ni ma na gaji da jayayya.

Muka hau torotoro, motar haya, har unguwar Circle, Baba da babbar riga da ƙunshin goro. A ofishin masu injin suka ce su ma 'yan aike ne. To, ina mai masaukin? Wani ya ce yana cikin gajimare. Baba ya dafe ƙirji. "Allahu akbar! Yaushe aka yi rasuwar?"

Suka sallame mu da lambar waya. A shago ya sa na kira, ya yi sallama, ya tambayi iyali. Muryar mace ta ce a danna ɗaya. Ya rufe bakin wayar, ya raɗa mini, "Uwargidan ce. Akwai kunya." Sau uku yana gaishe ta, tana cewa a danna ɗaya.

Nan na fashe. "Haba Baba! Babu kowa a can! Inji ne, wallahi inji ne!"

Ya ajiye wayar a hankali.

"Na sani, uwata. Shekara hamsin a Accra, ina jin Turanci. Jira nake ki faɗa da bakinki cewa nan ma ba a buƙatar kowa."

Kunya ta rufe ni. Ya miƙe yana laluben takalmansa da ƙafa. Ina kallo, ban ce ya zauna ba.