Kwana Biyar Ba Gaisuwa

"Wai da gaske an kai Inna Safiyyatu inda ba a magana?"

"Wallahi. Har kwana biyar."

"Asibiti ne?"

"Ina! Yoga. Wata gona ce a Umm Salal, tsofaffin mata ke zuwa ana lanƙwasa su."

"Ni ba lanƙwasawar nake ji ba, shirun. Matar da ta tsayar da tasi a tsakiyar unguwar Al-Sadd ta Doha don ta tambayi direba ya mai jiki?"

"Ai ba shi da mai jiki."

"Kafin ta sauka sai da ya tuno da wani kawunsa."

Inna Safiyyatu 'yar Funtuwa ce, shekararta sittin da takwas, talatin daga ciki ta yi su tana suyar ƙosai a bakin tasha. Daga gidanta zuwa injin markaɗe ba nisa, amma sau da yawa kafin ta dawo ƙullun ya yi tsami, don ba ta wuce mutum sai ta tambaye shi gida, da gajiya, da uwar yara, da akuyar da ta ji labarin ta yi ɓari. Da mai gidanta ya rasu, 'yarta Dakta Rahmatu, likitar yara, ta ɗauko ta zuwa Doha. Inna ba ta jin Turanci, Larabcinta kuwa na salla ne sai "yalla" da "khalas", amma cikin wata guda duk benen ya san ta. Har muryar matar nan da ke faɗin hawa a cikin lif takan ce wa, "Baiwar Allah, yau ma ke ce a bakin aiki? Sannu da ƙoƙari."

Abu ɗaya ke ci mata rai: gwiwa. Shekara huɗu ke nan a kan kujera take salla, goshinta bai taɓa ƙasa ba.

"Inna, ai ya halatta," in ji Rahmatu. "Malamai sun faɗa."

"Na sani, 'yar nan. Amma ni ji nake kamar ina gaida Ubangiji daga cikin mota."

Shi ya sa Rahmatu ta kawo zancen gonar. Ta ce ba bautar komai a ciki, motsa jiki ne a hankali da jan numfashi, mata zalla, kuma ana tashi salla. Ta ce akwai ma wata Hajiya Mansuratu 'yar Zangon Kumasi, uwar abokin aikinta, ita ma za ta. Sai dai doka ɗaya: ba a magana, malama kaɗai ke buɗe baki. Wadda aka yi wa gargaɗi sau uku, gida.

"Ba a magana da wa?"

"Da kowa, Inna."

"Me kowan ya yi?"

Ranar farko ta shiga zauren da sallama mai ƙarfi. Mata goma sha tara zaune a kan tabarmin roba, ba wadda ta amsa. Ta hango mai atamfa a gefe, ta nufe ta da fara'a. "Hajiya Mansuratu ko? Ina wuni? Ya zafi? Ya kika baro mutanen Kumasi?" Hajiya Mansuratu ta yi murmushi, ta ɗora yatsa a leɓe. Malamar, wata siririyar 'yar Indiya mai suna Bindu, ta kaɗa ƙaramar ƙararrawa, ta ɗaga wa Inna yatsa ɗaya.

Inna ta zauna tana nazari. An ce doka ce, to. Amma ita ta san mutane. Mata ashirin ba sa cin abinci a teburi ɗaya kowa na kallon cokalinta sai in akwai magana a ƙasa. Wannan gaba ce, an dai yi mata suna mai daɗi.

Aikin kansa bai ba ta wahala ba. A riƙe bayan kujera a ɗaga ƙafa. A ja numfashi har ciki ya cika, a sake shi a hankali kamar mai hura koko. A saƙala ɗamara a tafin ƙafa a ja. Gwiwarta na ƙara ƙas-ƙas, Inna na harararta kada ta ja mata gargaɗi na biyu. Inda ta tsorata shi ne da aka ce kowa ta kwanta rigingine a kan gadon motsa jiki, ta saki jiki, ta rufe ido. Inna ta ɗaga kai ta ga tsofaffi jere sambal ba mai motsi. Ta miƙa yatsa ƙarƙashin hancin maƙwabciyarta. Da ta ji iska ta koma ta kwanta, kuma ta yi barcin da rabonta da irinsa tun tana Funtuwa.

Rana ta uku haƙurinta ya ƙare, don gaba ba ta wuce kwana uku tsakanin bayin Allah. Ana cin abincin rana ta tashi ta kamo hannun wata 'yar Labanan da na wata 'yar Filifin, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba sai a gonar nan, ta haɗa su. Ta yi musu wa'azi da Hausa tsantsa. Ta ce duniya nawa take, ta ce ko mene ne a yafe, ta ce ku dubi furfurarku. Ta rufe da "Khalas!", wato magana ta ƙare. 'Yar Labanan ta fashe da kuka. 'Yar Filifin ta rungume ta. Kafin Malama Bindu ta laluɓo ƙararrawarta, wasu mata huɗu sun yi layi suna jiran a sasanta su.

Yatsa biyu.

Daga nan Inna ta kama bakinta, don ta ga alamar abin yana ci. Da safe ta sauko daga gado ba tare da "wash Allah" ba. Bayanta ya saki. Ta tsaya da ƙafa ɗaya har ta ƙirga bakwai. Gaisuwar da ta taru mata a maƙogwaro kuwa, bayan gona take kaiwa ta sauke wa awaki. Malama ta kama ta tana tambayar wani bunsuru iyali. Ta tsaya, ƙararrawa a hannu, ta yi dogon tunani, sai ta wuce. Bunsurun ba ya cikin rajista.

Rana ta huɗu da hantsi aka koya musu sauka ƙasa. A dafa kujera, a kai gwiwa ɗaya kan tawul da aka ninke, a numfasa, a kai ɗayar. Malama na riƙe da kowacce, ita ke saukar da ita, ita ke ɗago ta. Ta nuna da hannu cewa darasin tashi da kai sai gobe.

Inna ba ta iya jiran gobe ba. Da la'asar ta shimfiɗa darduma ƙarƙashin rumfar dabino, ta yi raka'a uku a kujera yadda ta saba. A ta huɗu ta dafa, ta kai gwiwa ɗaya, ta numfasa, ta kai ɗayar. Goshinta ya sauka. Ta ji ɗumin ƙasa ta cikin darduma, da ƙanshin turɓaya, da 'yar tsakuwa da ke tokare mata gira. Ta daɗe a nan. Duk addu'ar da ta tara shekara huɗu sai da ta juye, har da ta direban tasi da kawunsa. Ta ɗago, ta sake sujada, sannan ta zauna a karkace ta yi tahiya, ta sallame.

Sannan ta yunƙura. Ba abin da ya tashi.

Ta sake yunƙurawa, kujerar ta zame ta yi gefe. Sai ta zauna shiru, ido rufe, tana lissafin abin yi. In ta kira wani, yatsa uku ke nan, a mai da ita Al-Sadd ta iya sauka ba ta iya tashi ba. In ta yi shiru, nan za ta kwana.

'Yar Labanan ce ta fara ganinta. Ta ɗauka Inna ta yi nisa cikin natsuwa, ta zo ta zauna kusa da ita, ita ma a karkace. 'Yar Filifin ta biyo. Kafin rabin sa'a mata goma sha tara sun kewaye ta, kowacce ta karkata hagu daidai yadda Inna ta karkata. Malama Bindu ta iso, ta dube su, ta dafa ƙirji don jin daɗi, ita ma ta zauna.

Ƙafar Inna ta mutu tun daga ƙugu. Wata tururuwa ta hau ta, ta zaga, ta sauka. Rana ta fara ja. Inna ta buɗe ido ɗaya, ta ga Hajiya Mansuratu dab da ita tana jan numfashi da iyakar gaskiyarta. Ta gyara murya.

"Hajiya Mansuratu, barka da yamma, ya gajiya. Don girman Allah kama ni ta hammata. Kuma ke da kike jin Turanci, ki roƙar mini yarinyar nan, in korata za ta yi, ta fara koya mini tashi tukuna."