Ƙasar da Ruwa Ya Kai wa Bushiya

Iya, kakata ta wajen uba, daddawa take yi a gidanmu na Tudun Wada. Ranar dafa kalwa wuta ba ta mutuwa da wuri, don haka da an idar da magariba sai mu jikoki mu kewaye murhu, ita tana iza itace, mu muna korar hayaƙi. Ni take zaunarwa a gefenta.

"Matso nan, maigida," in ji ta. "Miji ba cefane sai buɗe baki. To buɗe kunne yau."

Labarin da ta fi so shi ne na Kura da Bushiya. Wai wata shekara guguwa ta faɗa wa kurmi ta kwantar da itatuwa. Sarkin dawa ya raba wurin biyu, ya ce kowacce ta raya nata. Kura ta ce ita ba ta zama da ƙazanta. Ta tumɓuke kututture, ta cinna wa ganye wuta, ta share ƙasa tas, har gara ta kwashe 'ya'yanta ta yi ƙaura. Sannan ta ja igiya ta dasa itatuwa layi-layi. A nan Iya takan miƙe ta kama muciya tana shara da ita, tana ɗingishi irin na kura, mu kuwa muna birgima a ƙasa.

"Bushiya fa, Iya?"

"Bushiya ta dubi aikin ta ce bayanta na ciwo. Ta tona 'yan ramuka a jikin itatuwan da suka faɗi, ta jefa kalwa, ta rufe da ruɓaɓɓen ganye, ta dunƙule ta yi barcinta."

Ruwan farko ya kwashe ƙasar Kura ya gangara da ita, itatuwan Bushiya da ke kwance suka tare. Dashen Kura ya tsaya saiwa a waje. Can kuwa kututture ya yi tofo, gara ta cinye itace ta mai da shi baƙar ƙasa. Kura ta kai ƙara wai an sace mata gona. Sarki ya ce ta je ta tsince abarta in za ta gane ta.

Ni dai ɗingishin kawai na riƙe a labarin.

Iya ta rasu ta bar mana fili wajen Dutsen Abba, mai ɗorawa da kaɗanya. Daga nan kalwarta take zuwa. Ina magidanci iska ta kayar da mafi yawansu. Na saba ganin itatuwan turare a jere a unguwar Kongo, suna burge ni. Sai na kira masu gawayi suka kwashe itace, na ƙone saura, na share, na ja igiya na dasa turare. Matata Hajara ta kawo mini abinci, ta tsaya tana kallo.

"Malam, gona ce wannan ko tsakar gida?"

Bayan 'yan daminu ƙasar ta koma ja, ta ƙeƙashe kamar daɓe. In ka sara fartanya sai ta yi tsalle. Ko tafasa ta ƙi fitowa. Hajara ta ce, "Dawar maƙwabcinka na gangare ta yi kyau bana. Ka je ka gai da ƙasarka."

Kusurwa ɗaya ce ta tsira, inda ƙarfina ya ƙare na bar gungumen ɗorawa a kwance. Nan kaɗai filin Iya ya ci gaba da numfashi, har tofo ya girma ya zama itatuwa. Bara iska ta sake kayar da wani babba a cikinsu. Kafin in gama karin kumallo masu gawayi sun iso da gatari.

"Baba, a kwashe maka?"

"Ku bar shi, bayana na ciwo."

"Ai mu ne za mu yi aikin, Baba."

"Duk da haka yana ciwo."

Na tona ramuka a jikinsa na jefa kalwa, na ja rassa da ganye zuwa kan jar ƙasar da na kashe. Bana na cusa hannu ƙarƙashin ganyen, na ji sanyi, na ɗago baƙar ƙasa da tana a ciki. Kalwar ta tsiro, ba ta kai gwiwata ba. Da wuya in ci daddawarta, sai dai jikokina. Allah ya ji ƙan Iya, ta faɗa mini komai, ni ne na tsaya dariya.

Yanzu ni nake ba jikokin labarin. In na zo wurin shara nakan miƙe in kama sanda, suna birgima. Hajara ta ce ban taɓa iya kwaikwayon kura kamar yanzu ba. Ba ta yi ƙarya ba, ɗingishin ma nawa ne na gaske.