Na'urar Asibiti Ce Ta Tona Abin Da Mijina Ya Ɓoye

Assalamu alaikum edita da masu karatu, ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ni 'yar kasuwa ce a kasuwar Alabar, ina sarin albasa daga manyan motocin da ke saukowa daga Nijar, ina sayarwa kashi-kashi. Mace ce ni mai ƙarfin jiki, ban san kwanciya ciwo ba, kuma ina cikin matan da idan maigida ya ce a yi shiru, to magana ta ƙare. Muna zaune a unguwar Moshi Zango da yaranmu da ƙanin mijina, wanda shi ma magidanci ne amma ba shi da tsayayyen aiki.

Wata safiya aka sauke mini kaya na rasa mai ɗauka, sai ga ƙanin mijin nawa da aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na dakon kaya, ya ce aro aka ba shi. Muka loda, na hau baya na zauna kan buhuna. A wata gangara ya sha kwana da gudu, muka kife cikin kwata. Ƙarfen gefen akwatin babur ɗin ya dake ni a ƙasan cibiya, buhu ya biyo ya danne ni a kansa. Da kaina na miƙe, ko ɗigon jini babu, har na taya mutane tsince albasata. Sai dai ina jin wani abu kamar an ɗaure mini ciki da igiya.

A gida na gaya wa mijina, nan ne na ji cewa ƙanin nasa ba shi da lasin, mai babur ɗin ma bai san an ɗauka ba. Ya zaunar da ni ya ce idan muka je asibiti da sunan haɗari za a kira 'yan sanda su kama ɗan'uwansa, ga mahaifiyarsu tana fama da hawan jini, ba za ta iya ɗauka ba. Ya rantse cewa idan ciwon ya tsananta shi da bakinsa zai faɗi gaskiya. Na yarda da shi. Ya sayo mini maganin ciwon jiki a kemis, na gasa wurin da ruwan zafi na kwanta.

Washegari na tashi da amai da zazzaɓi, cikina ya yi tauri kamar katako, ko zane ya taɓa shi sai na yi ƙara. Ya kai ni wani ƙaramin asibiti na unguwa. Ina kwance ina ji ya ce musu wake da shinkafa na ci a bakin titi ya ɓata mini ciki. Na ɗaga ido na kalle shi, ya yi mini alamar in bari tukuna. Kan maganarsa suka sa mini ruwa suka ajiye ni, har sai da suka ga ina fita hayyacina suka ce a wuce da ni babban asibiti.

A ɗakin gaggawa wata likita Batona, 'yar ƙabilar garin da ba ta jin Hausa, ce ta karɓe ni, tare da wata nas 'yar Zango da ke juya mata maganarmu. Mijina ya sake maimaita labarin abinci. Likitar ta danna cikina, sai ta turo wata na'ura mai taya da allo kamar ƙaramar talabijin har bakin gadona. Ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki, ta riƙa yawo da kan na'urar daga ƙarƙashin haƙarƙari zuwa mara. Can ta tsaya, ta nuna wa nas ɗin wani baƙin wuri a allon. Nas ta ce mana ruwa ne ya taru a cikina inda bai kamata a ga ruwa ba, kuma akwai alamar iska ta fita daga hanji. Likitar ta sassauta zanena ƙasa, sai ga shatin ƙarfen ya fito baƙi ƙirin. Ta juya ta tambayi mijina ko na faɗi, ko wani abu ya buge ni. Na zuba masa ido, na ce a raina ga ranar alkawari ta zo. Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai bai san da wani bugu ba.

Wallahi zafin wannan magana ya fi mini zafin cikin. Likitar ta sa aka fitar da shi. Nas ɗin ta durƙusa daidai kunnena ta ce, "Mma, tsakaninki da Allah, wa ya dake ki? Ranki muke nema." Da guntun numfashina na gaya mata komai. Ba a ƙara jiran komai ba aka gungura ni ɗakin tiyata.

Da na farfaɗo likitar ta bayyana mini cewa hanjina ne ya fashe, ƙazanta ta riƙa zuba a cikina, sai da suka yanke wani sashe suka haɗa. Ta ce na'urar ba koyaushe take nuna ɓular kanta ba, amma ta nuna musu abin da ya isa su buɗe ni ba tare da ɓata lokaci ba, kuma da tun farko an faɗi gaskiya da aikin bai kai haka ba. Da aka bar mijina ya shigo, ina jiran ya ce sannu. Abin da ya fara tambayata, murya ƙasa-ƙasa, shi ne me na gaya musu. Ɗan sanda ko ɗaya bai zo ba, ba wanda ya nemi ƙanin nasa. Amma dangin mijina sun daɗe suna ɗaure mini fuska, wai na tashi tona asirin gida.

Yanzu ba na iya ɗaga ko rabin buhu, ƙarfin nan ya tafi. Abin da na koya shi ne, rashin ganin jini a waje ba ya nufin ciki lafiya yake. 'Yan'uwana mata da maza, duk wanda abu ya buga a ciki ya je asibiti a ranar, ya faɗi yadda aka yi da bakinsa, ko wa maganar za ta taɓa. Kada ku ba kowa ajiyar gaskiyar ciwonku, domin a lokacin tsoro kowa nasa yake fara karewa, kuma ba lallai ke ce tasa ba. Har yau muna tare da mijina, ina dafa masa abinci, muna gaisawa. Amma na kira babbar 'yata na gaya mata a gabansa cewa duk ranar da na sake kwanciya, ita za ta tsaya gaban likita, ba ubanta ba.